Waiwaye: Wa ke riƙe amana a zaman jinya na rukuni?

Muhawarar da ake yi yanzu kan jinyar ƙwaƙwalwa ta rukuni, musamman wadda ta koma intanet, tambaya ɗaya take zagayawa: in mutum ya amayar da cikinsa gaban baƙin fuska, wa zai hana a kai maganar waje? Ƙa'idar aiki ta ɗaure bakin likita, ba ta ɗaure na sauran mahalarta ba. Wannan damuwa ba yau ta fara ba.

Farkon labarin sananne ne. A 1905 likita Joseph Pratt ya riƙa tara masu tarin fuka a Boston suna ƙarfafa wa juna gwiwa, a 1935 kuma aka kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta masu neman barin giya.

Wanda ba a cika ambata ba shi ne gwajin asibitin soja na Northfield da ke Birmingham, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. An damƙa wa likitocin ƙwaƙwalwa Wilfred Bion da John Rickman sojojin da yaƙi ya gigita. Sojojin suka kawo kuka: ɗakunan kwana sun yi datti, wasu kuma ba sa tsinana komai. Soja ya saba jiran oda. Bion, wanda shi ma ya jagoranci tankokin yaƙi a yaƙin farko, ya ƙi bayarwa, ya mayar musu da matsalar tunda su ke kwana a ciki. Cikin 'yan dokokin da ya kafe a kansu akwai cewa kowa ya shiga wata ƙungiyar aiki, kuma a hallara kullum da tsakar rana, rabin awa, a faɗi halin da ake ciki. Sannu a hankali suka tsara shara da kansu, har ajin koyon rawa suka nema.

Tun 1651 masanin falsafa Thomas Hobbes ya ce alkawarin da babu takobi a bayansa, wato ƙarfin sarki na hukunta mai saɓawa, magana ce kawai. Northfield ta gwada akasin haka, kuma a ganina nan gizo ke saƙar: Bion ya ƙi zama sarki, amma bai bar zauren ba, lokacin haɗuwa kuma tsayayye ne. Bayan mako shida aka dakatar da gwajin, daga baya likitoci S. H. Foulkes da Tom Main suka ɗora a asibitin.

Rukunonin yau da yawa sun koma wa Hobbes, suna sa hannu kan takardar rufin asiri. Wasu kuwa sun zubar da jagoran da tsayayyen lokacin gaba ɗaya, kowa na shiga da sunan aro, ya fita sa'ad da ya ga dama.