Emerin

Emerin furotin ne da ke zaune a jikin marufin da ya kewaye cibiyar sel, wato nukiliyas, inda DNA take ajiye. Ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera shi ana kiranta EMD, kuma tana kan kuromosom X, ɗaya daga cikin ƙunshin DNA da ke cikin cibiya. Kusan kowane sel mai cibiya a jikin ɗan Adam yana da emerin, amma idan aka haifi mutum babu shi, tsokar gaɓoɓi da jijiyoyinsu da zuciya ne kaɗai ke kamuwa da ciwo. Wannan ciwo shi ne lalacewar tsoka ta Emery-Dreifuss, kuma daga sunan Emery furotin ɗin ya samo nasa.

Yadda aka gano shi

An san ciwon tun kafin a san furotin ɗin. A 1966 Alan Emery, masanin ilimin gado ɗan Birtaniya, da Fritz Dreifuss, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, suka yi bayanin wani babban dangi a jihar Birjiniya ta Amurka inda maza ke fama da raunin tsoka mai tafiya a hankali, wanda ya bambanta da Duchenne, nau'in lalacewar tsoka da aka saba gani. Sai a 1994 Silvia Bione da abokan aikinta a ɗakin binciken Daniela Toniolo da ke Pavia, ƙasar Italiya, suka gano ƙwayar gadon da ke da alhaki. A 1996 wasu ƙungiyoyin masu bincike biyu, ɗaya a Birtaniya ɗaya a Japan, suka nuna cewa emerin a marufin cibiya yake. Hakan ya zo wa masana da ba-zata, domin furotin ɗin da aka sani a ciwon Duchenne, wato distirofin, a gefen tantanin wajen sel yake aiki. Daga nan aka fara kallon marufin cibiya a matsayin wurin da cutar gado za ta iya tasowa.

Ƙwayar gadon da siffar furotin

EMD ƙarama ce. Tana can ƙarshen dogon hannun kuromosom X, a wurin da ake yi wa alama da Xq28, kuma gutsure 6 ne ke ɗauke da umarninta. Furotin ɗin da take samarwa jerin amino asid 254 ne, wato tubalan da ake gina furotin da su.

Marufin cibiya tantani biyu ne, na waje da na ciki, da ɗan fili a tsakaninsu. Emerin yana kafe ne a na ciki. Wani ɗan yanki kusa da wutsiyarsa ne ya ratsa tantanin, sauran jikinsa kuwa yana miƙe cikin cibiyar. A kansa akwai wani sashe mai amino asid kimanin 40 da ake kira LEM, sunan da aka haɗa daga haruffan farko na furotin uku masu irinsa: LAP2, emerin da MAN1. Ana fara dasa emerin a tantanin da ke yaɗe cikin sel, wanda ke haɗe da marufin cibiya, daga nan ya zame ta gefen ƙofofin cibiya zuwa ciki. Abin da ke riƙe shi a can shi ne lamin A, ɗaya daga cikin furotin ɗin da ke saƙa ragar da ta shimfiɗu a ƙarƙashin tantanin ciki. A sel ɗin da babu lamin A, emerin da yawa ba ya tsayawa a mazauninsa, sai ya watsu zuwa waje.

Aikinsa

Emerin kamar turke yake, abubuwa da dama ake ɗaurewa a jikinsa. Sashen LEM yana kama wani ƙaramin furotin mai suna BAF, shi kuma BAF yana kama DNA, ta haka wani ɓangare na kuromosom ke jingina da bangon cibiya. Wannan ɗauri yana da amfani ƙwarai lokacin da sel zai rabu biyu. A lokacin marufin cibiya yakan wargaje gaba ɗaya, emerin ya watsu, sannan idan kuromosom sun gama rabuwa BAF ya taru a kansu ya janyo emerin da 'yan uwansa, a sake gina marufi ga kowace sabuwar cibiya.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, emerin yana haɗuwa da furotin SUN da nesfirin, waɗanda suka ratsa tantanin biyu suka sada ragar lamin da zaren da ke riƙe da siffar sel daga waje. Duk ja ko matsin da ya sami sel, ta wannan hanya yake isa cibiya. Emerin yana kuma kama wasu furotin masu kunna ƙwayoyin gado ko kashe su, irin su HDAC3 da beta-katenin.

Daga nan ne bayani biyu suka fito kan dalilin da ya sa tsoka da zuciya kaɗai ke wahala. Na farko ya ce matsalar ta ƙarfi ce: sel ɗin tsoka yana tsukewa yana sakewa ba hutu, don haka cibiyar da marufinta ya yi rauni za ta lalace a can kafin ko'ina. Na biyu ya ce matsalar ta sarrafa ƙwayoyin gado ce, musamman waɗanda tsoka ke buƙata wajen gyara kanta. Bayanan biyu ba sa karo da juna, kuma abin da ya fi dacewa da shaidar da ake da ita shi ne cibiya tana jin matsi ta marufinta, ta amsa da sauya aikin ƙwayoyin gado. Wani abu da ya ƙara wahalar binciken shi ne ɓeran da aka cire wa emerin kusan lafiyarsa ƙalau, sai ɗan jinkiri wajen farfaɗowar tsoka da ɗan sauyi a saƙon lantarkin da ke tafiyar da bugun zuciya.

Ciwon Emery-Dreifuss

Yawancin sauye-sauyen da ke faruwa a EMD suna sa babu emerin kwata-kwata. Tunda namiji X ɗaya gare shi, maza ne ciwon ya fi bayyana a kansu. Matar da ke ɗauke da sauyin, kowane ɗa namiji da ta haifa yana da yiwuwar kashi 50 cikin 100 na gadonsa. Uba mai ciwon ba ya ba 'ya'yansa maza, amma duk 'ya'yansa mata za su ɗauka.

Alamar farko takan zo tun yarinta, sau da yawa kafin rauni ya bayyana: gaɓoɓi su ƙage. Gwiwar hannu ta ƙi miƙewa sosai, agara ta tsuke har yaro ya riƙa tafiya a kan yatsun ƙafa, wuya ya ƙi sunkuyawa har haɓa ta taɓa ƙirji. Daga baya damtse da tsokar ƙwauri su fara ramewa a hankali. Da yawa daga masu wannan nau'i na EMD sukan ci gaba da tafiya da ƙafarsu shekaru masu yawa.

Haɗarin gaske a zuciya yake, kuma nan ne ya kamata hankali ya fi karkata. Galibi bayan shekara 20, saƙon lantarki da ke sauka daga ɗakunan saman zuciya zuwa na ƙasa yakan fara jinkiri ko ya yanke. Bugu ya ragu, mutum ya riƙa suma, ɗakunan sama ma su iya daina motsi, jini ya daskare a ciki ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Tsananin matsalar zuciya ba ya bin tsananin raunin tsoka, don haka mai ƙarfin jiki ma yana iya mutuwar fuju'a. Matan da ke ɗauke da sauyin, ko da tsokarsu lafiya take, su ma zuciyarsu na iya taɓuwa, saboda haka ana shawartarsu da gwajin zuciya a kai a kai.

Akwai wani nau'in ciwon da ba daga EMD yake ba. A 1999 Gisèle Bonne da abokan aikinta a Faransa suka nuna cewa sauyi a LMNA, ƙwayar gadon lamin A da C da ke kan kuromosom 1, yana kawo ciwo mai kama da shi, wanda ke kama maza da mata daidai.

Gwaji da kulawa

Kasancewar emerin a ko'ina ta sauƙaƙa gwaji. Ana iya ɗaukar sel daga fata, ko jini, ko a goga cikin kumatu, a zuba sinadarin da ke manne wa emerin. A madubin ƙara girma, cibiyar mai lafiya takan fito da zobe a kewayenta. Ta mai ciwo babu zoben, a wajen mace mai ɗauke da sauyin kuwa wasu cibiyoyin na da shi wasu babu. Gwajin DNA ne ke tabbatarwa.

Babu maganin da ke mayar da emerin a halin yanzu. Ana motsa gaɓoɓi don rage ƙagewa, wani lokaci a yi tiyatar tsawaita agara, a ba da maganin hana daskarewar jini idan bugun ɗakunan sama ya rikice. Idan saƙon lantarki ya fara yankewa ana dasa na'urar daidaita bugun zuciya, ga masu sauyin LMNA kuwa an fi dasa wadda ke iya farfaɗo da zuciya da lantarki, domin ta farkon ba ta isa ta kare su daga mummunan rikicewar bugu ba.