Fans (kundin waƙoƙin Malcolm McLaren)

Fans kundin waƙoƙi ne da Malcolm McLaren ɗan ƙasar Ingila ya naɗa a situdiyo, kamfanin Charisma ya fitar da shi a shekarar 1984. Shi ne kundinsa na biyu, bayan Duck Rock na 1983. Waƙoƙi shida ne a ciki, dukkansu an ɗauko su ne daga opera, wato wasan kwaikwayon Turai da ake rera zantukansa maimakon a faɗe su, aka ɗora su kan kiɗan rawa na na'ura irin wanda ake yayi a lokacin.

McLaren, wanda aka haifa a Landan a 1946 ya rasu a 2010, ba gwanin murya ba ne. An fi saninsa da zama manajan ƙungiyar mawaƙa ta Sex Pistols, kuma baiwarsa ita ce haɗa abubuwan da ba a taɓa zaton za su zauna inuwa ɗaya ba. A wannan kundi ya jingina da Giacomo Puccini, mai tsara opera ɗan Italiya, inda ya ɗebo daga Madama Butterfly da Turandot da Gianni Schicchi. Waƙa ɗaya ce ta fito daga wani wuri dabam, ita ce Carmen ta Georges Bizet ɗan Faransa, wadda aka fara nunawa a Paris a 1875.

Waƙar farko, Madam Butterfly, ita ce ƙashin bayan kundin. Labarin asali, wanda aka fara nunawa a Milan a 1904, na wata yarinya ce 'yar shekara 15 a Nagasaki ta Japan, mai suna Cio-Cio-San. Wani hafsan sojan ruwan Amurka, Pinkerton, ya aure ta ya tafi ya bar ta. Shekara uku tana zuba ido a bakin teku da ɗansa a hannu, sai ga shi ya dawo da matarsa Ba'amurkiya. Daga nan ta kashe kanta da wuƙar mahaifinta.

McLaren ya raba labarin ga muryoyi uku. Shi da kansa yana magana a matsayin Pinkerton, ba ya rerawa, yana ba da labari kamar mai hira. Wata mawaƙiya tana rera ɓangaren yarinyar da Turanci cikin salon pop. Can sama da su kuma muryar zabiyar opera tana tashi da Italiyanci, yayin da na'urar ganga ke bugawa a hankali ba ta fasawa. Wanda bai san ko kalma ɗaya ta Italiyanci ba zai gane wa aka zalunta, kuma a nan ne ƙarfin aikin yake. Sauran waƙoƙin ba su kai ta ba, ko da yake Carmen tana da zafin da ke sa a taka rawa.

Stephen Hague na cikin waɗanda suka tsara kiɗan Madam Butterfly, shi ne kuma ya tsara waƙar West End Girls ta ƙungiyar mawaƙa Pet Shop Boys a 1985. Waƙar ta McLaren ta kai matsayi na 13 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya. Wani kundin da ya fitar daga baya, Waltz Darling na 1989, ya koma kan kiɗan gargajiyar Turai ne ya gauraya shi da na fank.