Yadda dokar kasafin kuɗi ke ƙayyade yawan malaman makaranta a Faransa

A ranar 10 ga Oktoba 2024 gwamnatin Firaminista Michel Barnier ta gabatar da ƙudirin kasafin kuɗin shekarar 2025, kuma a cikinsa akwai shirin soke guraben malaman makaranta kusan 4,000, waɗanda 3,155 daga ciki na makarantun renon yara da na firamare ne na gwamnati. Gwamnatin na neman cike giɓin kasafi da a lokacin aka yi hasashen zai kai kashi 6.1 cikin ɗari na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara, alhali ƙa'idar Tarayyar Turai ba ta yarda a wuce kashi 3 ba.

Duk wanda ya ji an ce za a rage malamai 4,000 zai ɗauka takardun sallama za a rarraba, amma ba haka tsarin yake ba. Yawancin malaman Faransa ma'aikatan gwamnatin tsakiya ne na dindindin, waɗanda ba a raba su da aikinsu don kawai kuɗi sun yi ƙaranci. Abin da majalisa ke amincewa da shi kowace shekara, bisa dokar tsara kasafi ta 2001, shi ne iyakar yawan ma'aikatan da kowace ma'aikata za ta iya biya albashi. Idan aka sauko da wannan iyaka, sai a ƙi maye gurbin wasu daga cikin waɗanda suka yi ritaya, a rage yawan waɗanda za a ɗauka ta jarrabawar shiga aikin koyarwa, a kuma bar kwantiragin wasu malaman wucin gadi ya ƙare ba tare da an sabunta shi ba. Ragin yana shafar har makarantu masu zaman kansu da suka ƙulla yarjejeniya da gwamnati, domin tun dokar 1959 gwamnati ce ke biyan albashin malamansu.

Hujjar ministar ilimi ta lokacin, Anne Genetet, ita ce yara suna raguwa. Gaskiya ne: jariran da aka haifa a Faransa sun haura 830,000 a 2010, amma a 2024 ba su wuce kimanin 663,000 ba. Ƙungiyoyin malamai ba su musanta wannan lissafi ba. Abin da suka ce shi ne azuzuwan firamaren Faransa suna cikin mafiya cunkoso a Tarayyar Turai, saboda haka raguwar yara dama ce ta sassauta cunkoson, a kuma samu masu maye gurbin malamin da bai zo aiki ba. A ganina ɓangarorin biyu sun yarda da adadin yaran, saɓaninsu kawai a kan wa zai ci ribar raguwar ne, baitulmali ko ɗalibi.

To me ya hana 'yan majalisar da ba su gamsu ba su ƙara kuɗin da kansu? Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1958 ne ya ɗaure musu hannu. Sashen ya ce ba za a karɓi duk wani ƙudiri ko gyara daga ɗan majalisa ba muddin zai rage kuɗin shigar gwamnati ko ya ƙara mata nauyin kashe kuɗi. Gwamnati ce kaɗai ke da ikon kawo ƙari. 'Yar kafar da dokar 2001 ta bari ita ce, an kasa kasafin gida-gida, kuma ilimin makarantu gida ɗaya ne mai ɗauke da shirye-shirye da dama, kamar na firamare, da na sakandare, da na kula da rayuwar ɗalibai. Ɗan majalisa na iya ɗebo kuɗi daga wani shiri ya zuba a wani a cikin gida guda, matuƙar jimillar ba ta ƙaru ba. Ma'ana, duk wanda ke son ceto guraben malaman firamare dole ya nuna wanda za a ƙwace wa nasa a cikin harkar ilimin, kuma wannan ba magana ce da ɗan siyasa ke jin daɗin faɗa a bainar jama'a ba. A cikin wannan ƙunci ne Majalisar Dattawa ta amince a farkon Disamba da a rage yawan guraben da za a soke zuwa 2,000.

Ita kuwa Majalisar Wakilai ba ta ma kai ga tafka muhawara a zauren a kan kuɗin ilimi ba. Doka ta ce sai an amince da kashin farko na kasafi, wato na haraji da kuɗin shiga, kafin a taɓa kashin kashe kuɗi. A ranar 12 ga Nuwamba wakilan suka yi watsi da kashin farko, sai aka ɗauki ƙudirin gaba ɗaya a matsayin wanda aka ƙi, aka miƙa shi ga dattawa yadda gwamnati ta rubuta shi tun asali. Sashe na 47 kuma ya ba majalisun biyu kwana 70 ne kacal su kammala aikin.

Inda wakilan ke da ƙarfi na gaske shi ne sashe na 49, sakin layi na 3. Wannan sashe ya ba firaminista damar zartar da kasafi ba tare da ƙuri'a ba, da sharaɗin ya jingina kujerarsa a kai: idan cikin sa'o'i 24 aka shigar da ƙudirin rashin amincewa, kuma fiye da rabin ɗaukacin wakilan suka goyi baya, gwamnati ta faɗi, ƙudirin ma ya faɗi. Barnier ya yi amfani da shi a kan kasafin inshorar jama'a, sai wakilai 331 suka kifar da gwamnatinsa a ranar 4 ga Disamba 2024, abin da rabon a gani tun 1962. Ƙasar ta shiga sabuwar shekara da wata doka ta musamman wadda ta ba da izinin ci gaba da karɓar haraji, aka kuma ci gaba da biyan albashi a kan ma'aunin shekarar da ta gabata.

Magajinsa François Bayrou ya ga abin da ya faru, kuma mai hankali ba ya jira gemunsa ya kama wuta bayan ya ga na ɗan'uwansa ya kama. Yana buƙatar 'yan jam'iyyar gurguzu ta Socialist su ƙaurace wa ƙuri'ar tsige shi, su kuma cikin sharuɗɗansu akwai batun malaman. A tsakiyar Janairu 2025 ya sanar da janye soke guraben 4,000, ya bi ta sashe na 49.3 a farkon Fabrairu, ya tsallake ƙuri'ar rashin amincewa, aka sa hannu a kan dokar a ranar 14 ga watan. Abin da sashe na 40 ya hana wakilai rubutawa da alƙalaminsu, barazanar kifar da gwamnati ce ta sa gwamnatin ta rubuta musu.

Sai dai adadin da majalisa ke amincewa da shi na ƙasa baki ɗaya ne, ba ta faɗin makarantar da za ta samu ko ta rasa. Ma'aikatar ilimi ce ke raba guraben ga shiyyoyi, shugabannin shiyyoyi su raba ga gundumomi, daraktan ilimi na gunduma kuma ya yanke ajin da za a buɗe da wanda za a rufe bisa yawan yaran da ake sa rai. Shi ya sa ko a 2025 ɗin an rufe azuzuwa a ƙauyuka da unguwannin da yara suka ragu, har da birnin Paris, duk da cewa jimillar ba ta sauka ba. Ƙudirin kasafin 2026 da gwamnatin Sébastien Lecornu ta gabatar a Oktoba 2025 kuma ya sake dawo da shirin soke guraben malamai kusan 4,000, bisa hujjar nan dai ta raguwar yara.