Waiwaye: Hakeem Olajuwon, daga Legas zuwa filayen Houston

Duk lokacin da aka tada zancen 'yan wasan da suka tsiyace bayan ritaya, sai a samu wani ya jefo sunan Hakeem Olajuwon, tsohon tauraron ƙwallon kwando, a matsayin wanda ya sha bamban. Da gaskiyarsu, amma labarin kuɗinsa ya fi yadda ake ba da shi daɗi.

An haife shi a Legas a 1963, iyayensa 'yan kasuwar siminti ne. Tsaron gida yake yi a ƙwallon ƙafa, sai da ya kai wajen shekara 15 ya fara taɓa ƙwallon kwando. A 1980 ya tafi Jami'ar Houston a Amurka, a 1984 kuma Houston Rockets suka ɗauke shi na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Michael Jordan na uku ya zo a wannan zaɓen.

Ya ci wa Rockets kofi a 1994 da 1995, ya zama gwarzon gasar a 1994, kuma har yau babu wanda ya kamo shi a yawan tare ƙwallo kafin ta faɗa kwando: 3,830. A watan Fabrairun 1995, yana azumin Ramadan, aka ba shi kyautar gwarzon wata. A 2001 ya ƙi tayin Rockets, ya koma Toronto Raptors kan kwantiragin shekara uku na dala miliyan 18, amma kaka ɗaya ya buga ciwon baya ya zaunar da shi a 2002. Albashinsa na shekara 18 ya haura dala miliyan 100. Wasu taurarin yanzu a kaka biyu suke kwashe wannan.

A harkar talla ya bar kuɗi da gangan. A 1995, lokacin da takalman Nike da Reebok ke kai dala 120, ya sa sunansa a takalmin Spalding na dala 35. Hujjarsa ita ce uwa mai 'ya'ya uku da ke faɗi-tashi ba za ta iya sayen masu tsada ba, shi ya sa yara ke sata, wani lokacin har da kisa.

Inda ya yi zarra shi ne sayen filaye da gine-gine a Houston. Ba ya cin bashin banki saboda riba, kuɗi hannu yake biya. 'Yan kasuwar can na iya ganin wannan ɗaure kai ne, amma shi ya ba shi dama biyu. Mai sayarwa ya fi son wanda zai ƙirga masa kuɗi nan take, ba sai an jira banki ba. Kuma idan kasuwa ta faɗi babu mai bin sa bashi da zai tilasta masa karyarwa, sai ya zauna ya jira. Yakan sayi fili a unguwar da ake shirin gina filin wasa ko shimfiɗa layin dogo, ya bar shi wurin ajiye motoci har farashi ya tashi. A 2006 an ƙiyasta ribarsa a wannan harka ta zarce dala miliyan 100.

Cikin abin da ya saya akwai tsohon ginin banki a tsakiyar Houston. Ya mayar da shi masallaci da cibiyar da'awa, aka buɗe a 2002, shekarar da ya bar wasa.