Mene Ne Garkuwa da Bayanai, Kuma Yaya Makarantu Za Su Kare Kansu?

Garkuwa da bayanai wani nau'in kutse ne da ake yi wa kwamfuta, inda masu laifi ke cusa wata muguwar manhaja cikin na'urorin wata ma'aikata, ita kuma ta bi fayil-fayil ɗaya bayan ɗaya tana kulle su da lambobin sirri, har ya zama babu mai iya buɗe su sai wanda makullin ke hannunsa. Bayanan suna nan a cikin na'urar, amma ba sa karantuwa. Daga nan sai saƙo ya bayyana a allon kwamfutar ana neman kuɗin fansa, yawanci da kuɗin kirifto irin su Bitcoin, tare da wa'adin biya. Mutumin jihar Kaduna ba ya buƙatar dogon bayani a kan irin wannan ciniki, sai dai a nan abin da aka kama sakamakon jarrabawa ne da rajistar ɗalibai da takardun albashin malamai. A 'yan shekarun nan maharan sun ƙara wani salo, wato su kwafe bayanan kafin su kulle su, domin su yi barazanar watsa su a intanet idan an ƙi biya.

Makarantu na jan hankalinsu ne saboda suna tara bayanan dubban mutane, ga ƙarancin kuɗin tsaro, ga kuma lokutan da aiki ba ya jira, kamar makon rajista ko ranar fitar da sakamako. A watan Disamba na 2019 an kulle na'urorin Jami'ar Maastricht da ke ƙasar Holan, kuma hukumar jami'ar ta biya kusan Yuro 200,000 domin karatu ya ci gaba. A watan Satumba na 2022 kuwa aka afka wa hukumar makarantun gwamnati ta birnin Los Anjalas a Amurka. Ita ta ƙi biya, maharan suka saki bayanan da suka sace. Duk wanda ya biya ya sani cewa alkawarin ɓarawo ya saya, domin babu kotun da za ta tilasta masa ya miƙa makulli ko ya goge abin da ya kwafa.

Zariya gari ne da ilimi ya zama sana'arsa, daga Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962 zuwa Kwalejin Barewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Sai dai a ganina manyan cibiyoyi masu sashen kula da kwamfuta ba su ne abin tausayi na farko ba. An fi jin tsoro ga ƙananan makarantun kuɗi da na Islamiyya a Sabon Gari ko Tudun Wada ko cikin birni, waɗanda dukan tarihin ɗalibansu ke cikin kwamfuta guda a ofishin shugaban makaranta, ana soka mata filashin da ya zaga shagunan buga takardu, kuma kalmar sirrinta kowane malami ya haddace ta.

Muguwar manhajar ba ta shigowa sai ta sami ƙofa. Wani lokaci saƙon imel ne da aka yi masa kamannin takardar hukuma, ma'aikaci ya danna abin da aka liƙa. Wani lokaci manhajar sata ce da aka sauke kyauta, ko tsohon Windows da aka daina sabuntawa. Harin WannaCry na watan Mayun 2017, wanda ya shafi ƙasashe kusan 150 har ya tsayar da aiki a wasu asibitocin Ingila, ya bi ta wata kafa ce da Microsoft ya riga ya fitar da gyaranta tun watan Maris, mutane ba su ɗora ba.

Sabunta manhaja da bai wa kowane ma'aikaci kalmar sirrinsa daban suna rage haɗari ƙwarai, amma abin da ke karya lagon maharan shi ne ajiyar kwafi. Sharaɗin shi ne kwafin ya kasance a wata ma'ajiya da ake cire ta daga kwamfuta bayan an gama, domin duk abin da ke jone da na'urar lokacin harin tare za a kulle su. Ya kamata kuma a riƙa gwada buɗe kwafin aƙalla sau ɗaya a zango, tunda makarantar da ba ta taɓa gwadawa ba ba ta san ko ajiyar tata tana aiki ba.

Idan abin ya auku, matakin farko shi ne a raba na'urar da intanet da sauran kwamfutoci nan take. Akwai kuma nauyin doka: Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanan jama'a ya sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin sa'o'i 72 idan kutsen na iya cutar da masu bayanan, kuma makarantar da ke riƙe da sunayen yara da lambobin wayar iyayensu tana cikin waɗanda wannan hukunci ya hau kansu.