Wane fim ɗin yaƙi ne ya fi faɗin gaskiya? Tambayoyi da amsoshi

A gidajen kallo na Agege da Idi-Araba da Alaba Rago, ranar da babu ƙwallo, fim ɗin yaƙi ke karɓar fili. Ana tashi kuma musu ya koma teburin mai shayi: wannan ya ce wallahi haka yaƙi yake, wancan ya ce duk sharar Bature ce. Ga tambayoyin da suka fi yawo a irin wannan zama.

Malam, a ina masu fim suka fi shirga ta?

A wajen bindiga, kuma wannan ce ƙaryar da ta fi sauƙin kamawa. Gidan harsashin AK-47 guda 30 yake ci, bindigar kuma tana iya fitar da kimanin 600 a minti ɗaya. Wanda ya danne kunama bai ɗaga yatsa ba, cikin daƙiƙa uku ya ƙarar da abin da ke ciki. Shi ya sa ake koya wa soja harbi ɗai-ɗai ko bibbiyu. Akta kuwa sai ya yi minti biyar yana feshi, gida ɗaya, bai canza ba, hannunsa ma bai girgiza ba.

Sai batun wanda aka harba ya yi sama ya faɗa baya. Harsashi ba shi da nauyin da zai ɗaga ƙato; da yana da shi, da mai harbin ma ya kife. Mutum yakan durƙushe ne a inda yake, wani ma ya ci gaba da gudu bai san an same shi ba sai ya ga jini.

Sauti ma haka. Ƙara tana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, harsashin AK kuwa ya haura 700. Ke nan daga nesa harsashi ne ke riga ƙararsa isowa. A fim ana jin su tare, sojoji kuma na hira a hankali a tsakiyar ruwan wuta, alhali a zahiri ihu suke, kunnuwa sun toshe.

To wutar nan da ke tashi sama idan an jefa gurneti fa?

Fetur ne. Masu shirya fim ke zuba shi don jan wuta ta fi kyau a kyamara. Gurneti na gaske ƙura da hayaƙi yake tayarwa, abin da ke kisa kuma gutsattsarin ƙarfe ne da ido ba ya gani.

Mutanen Legas ba sa buƙatar a yi musu darasi a nan. Ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002 gobara ta kai ga rumbun makamai na barikin Ikeja. Bama-bamai suka dinga tashi suna faɗawa Oshodi da Mafoluku da kewaye, gilasan tagogi na tarwatsewa a unguwanni masu nisa, jama'a da yawa suka ɗauka juyin mulki ne ko yaƙi ya shigo. Fiye da mutum 1,000 suka rasu. Mafi yawansu ba bam ne ya same su ba: gudu suke cikin duhu, suka auka magudanar ruwan Oke-Afa da ciyawa ta rufe samanta, na baya suka danne na gaba. Duk wanda yake Isolo a daren nan zai gaya maka abin da ya fi tunawa shi ne rashin sanin inda za a nufa, da iyaye na kiran sunayen yara. Wannan ruɗewar ce fim ba kasafai yake kama ta ba, domin darakta yana son mai kallo ya san inda kowa yake.

Ana cewa Saving Private Ryan ya fi kowane. Haka ne?

Mintuna ashirin da 'yan kai na saukar sojoji a gaɓar teku, e, da wuya a samu kamarsu. Fim ɗin na Steven Spielberg ne, 1998, yana nuna saukar dakarun Amurka a gaɓar Omaha ta Faransa ranar 6 ga Yunin 1944, inda fiye da 2,000 suka mutu ko suka ji rauni ko suka ɓace a yini guda. A ƙasar Ayalan aka ɗauki wurin, aka sa mutanen da dama can ba su da hannu ko ƙafa don a nuna yadda igwa ke raba mutum da gaɓarsa. Sojoji na amai a cikin kwalekwale, ana buɗe ƙofa bindiga mai jigida ta share na gaba, wani na tsaye yana neman hannunsa da ya cire. Babu wanda jarumtarsa ta hana shi mutuwa, ƙarar kwana ce kawai. Har sai da hukumar kula da 'yan mazan jiya ta Amurka ta buɗe layin waya saboda tsoffin sojojin da fim ɗin ya fama wa ciwo.

Amma daga nan sai ya koma fim. Labarin tura mutum takwas su nemo soja ɗaya ƙirƙira ce, ko da yake an ɗauko tushenta daga wasu 'yan uwa na gaske. Faɗan gaɓar tekun da ya ci sa'o'i tun kafin hantsi, an matse shi cikin mintuna. A ƙarshe kuma jirage sun iso daidai lokacin da ake buƙata.

Ni a wurina wanda ya fi shi nauyi shi ne Come and See, na Tarayyar Sobiyet, 1985. Yaro ne ɗan ƙauye a Belarus a 1943, yana kallo sojojin Jamus suka tara mutanen gari a ɗaki guda suka cinna wuta. Ƙauyuka 628 aka yi wa haka a ƙasar. Babu akta, babu wanda ya zo ceto, kuma ba fim ba ne da za ka so maimaitawa.

Yaya mutuwa take a fagen fama, in ba yadda suke nunawa ba?

A fim, abokin jarumi yana samun minti uku: ya miƙa wasiƙa, ya bar sallahu ga matarsa, ya rufe ido a hankali. Maƙiyi kuwa harsashi ɗaya, ya mutu nan take. Duka biyun ba su cika faruwa ba. Wanda jijiyar cinyarsa ta tsinke yana iya cikawa cikin mintuna kaɗan in ba a ɗaure saman raunin tamau ba, shi ya sa yanzu sojoji ke yawo da maɗauri a jikinsu. Wanda aka harba a ciki kuwa yana iya kwana yana nishi yana neman ruwa.

Akwai abin da ya fi wannan. A Yaƙin Duniya na Ɗaya igwa ce ta fi kashe sojoji, wato mutumin da ba ka gani ba, daga nisan kilomitoci. A yaƙin basasar Amurka cuta ta kashe wajen kashi biyu cikin uku na sojojin da suka mutu. A namu na 1967 zuwa 1970, yunwa ta fi bindiga ɗauka, kuma yara ta fi ɗauka. Wa zai biya kuɗin kujera ya kalli atini da zazzaɓi?

Black Hawk Down fa? Ai wannan kamar kana wurin.

Ta fuskar kaya da dabarun faɗa cikin lungu, ya yi ƙoƙari. Ridley Scott ya yi shi a 2001 a kan faɗan Mogadishu na 3 zuwa 4 ga Oktoban 1993, lokacin da aka harbo jirage masu saukar ungulu biyu, sojojin Amurka 18 suka mutu. Wurin da likitan soja ke cusa hannu cikin cinyar wani yana lalubar jijiya, ya kasa kamawa, yaron ya cika, yana cikin mafi gaskiyar abin da aka taɓa ɗauka.

Sai dai ka ƙirga da kanka. Kowane Ba'amurke yana da suna, da uwa ko mata a gida, kiɗa kuma na sauyawa idan ya faɗi. Somaliyawa ɗaruruwa suka mutu a wannan faɗa, har da mata da yara da ke cikin gidajensu, amma a fim taro ne kawai mai ihu da ke zuwa a harbe. A Maroko ma aka ɗauka, kuma Somaliyawa sun koka cewa waɗanda aka nuna ba su yi kama da su ba. Sojojin Malesiya da na Pakistan da suka shiga da motocin sulke suka fito da Amurkawan, 'yar kusurwa aka ba su. Na sha ganin matasanmu na tafi idan aka share baƙar fata goma a harbi ɗaya. Faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi, amma mai zani da ke gudu a lungun nan da ɗa a goye, ta fi kama da iyayenmu fiye da wanda muke yi wa tafi.

Wannan ce ƙaryar da ta fi ta gidan harsashi girma, kuma tana da dalili. Ma'aikatar tsaron Amurka na ba masu fim aron jirage da sojoji, da sharaɗin ta duba labarin tukuna. Black Hawk Down ya samu wannan taimako. Platoon na 1986, wanda daraktansa Oliver Stone ya yi yaƙin Biyetnam da kansa, ya kuma nuna sojoji na cin zalin ƙauyawa, bai samu ba.

Na Indiya fa, Malam? Mu fa su muka fi gani.

Ɗauki Border na 1997, kan faɗan Longewala na Disambar 1971, inda sojojin Indiya kusan 120 suka tare tankokin Pakistan cikin dare har jiragen yaƙi suka iso da safe. Faɗan ya faru. Amma sojojin Indiya biyu ne suka mutu a wurin, fim kuwa ya kashe su da yawa don a yi kuka, kowa da waƙarsa da jawabinsa. A kalle shi don kishin ƙasa irin nasu, kada a kafa hujja da shi.

Fim ɗin Umar Mukhtar ai tarihi ne zalla, ko?

Ginshiƙansa gaskiya ne: mamayar Italiya a Libiya, sansanonin da aka tsare jama'a, wayar da Janar Graziani ya shimfiɗa a iyakar Masar, da rataye dattijon da ya jagoranci yaƙi da mamayar ranar 16 ga Satumban 1931 a gaban tsararrun mutanensa. Ya taɓa Italiya har ta hana nuna shi, bai fito a talabijin ɗinta ba sai 2009. Amma kuɗin gwamnatin Gaddafi ne ya yi shi a 1981, kuma mayaƙan Umar Mukhtar a ciki duk tsarkaka ne, babu mai tsoro. Ma'aunin da muka auna Amurkawa da shi, shi za mu ɗora a nan, ko da wannan karon namu ne ke da suna.

Me ya sa babu namu?

Akwai ɗan abin da aka taɓa. '76 na Izu Ojukwu ya bi rayuwar bariki a lokacin juyin mulkin da ya ci Janar Murtala a Ikoyi ranar 13 ga Fabrairun 1976, kuma motar da aka harbe shi a ciki tana gidan tarihi na Onikan da hujojinta. Half of a Yellow Sun, kan yaƙin basasa, sai da hukumar tace fina-finai ta riƙe shi na watanni a 2014. Yaƙi a fim yana cin kuɗi, sannan kaki da bindiga ba a taɓa su sai da izini.

Labarin dai yana nan a sunayen barikin da muke wucewa kullum. Dodan a Obalende, Myohaung a Yaba, Arakan a Apapa, duk wurare ne a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, inda rundunoni na 81 da 82 na Afirka ta Yamma suka kara da Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. 'Yan Arewa sun yi yawa a cikinsu, Hausa ce ma harshen bariki. Sun ɗauki kaya a ka cikin daji da tsaunuka inda mota ba ta shiga, jirgi na jefo musu abinci daga sama, zazzaɓi na cin su. Sun karɓi Myohaung a Janairun 1945. Bayan su ga 'yan ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, da suka tafi Laberiya a 1990, sannan Saliyo. Su kam da yawansu suna raye, wasu ma gadi suke yi a nan Legas.

A bar yara su kalla?

Saving Private Ryan da Black Hawk Down duk na manya aka ware su a ƙasar da aka yi su, Come and See kuwa babba ma sai ya shirya. Gidan kallo ba ya tambayar shekaru, kuɗin shiga yake karɓa, don haka aikin na uba ne ko yayan da yaron ke hannunsa.