Fad na waje kake kallo, na ciki ya riga ya cinye

Assalamu alaikum ƴan uwa direbobi da masu motocin gida. Ni aikina shiga tasha-tasha ne ina wayar da kan direbobi akan lafiyar mota da kiyaye haɗari, kuma yau maganar birki nake so muyi, saboda abinda idona ya gani satin da ya wuce har yanzu bai bar raina ba.

Wani direban Sharon ne mai lodin Lafiya daga Jos, dattijo ne ma ba yaro ba, nace Baba ya birkin motar nan? Yace ai wata biyu kenan da sa fad sabo, wato abin nan da ke matsewa ya tsayar da taya in an taka birki, har ya durƙusa ya nuna min ta ramukan wili, gashi nan kuwa da kaurinsa. Nace duk da haka dan Allah a daure a cire tayar gaba ta dama, dan tunda motar ta shigo nake jin ƙauri ta wannan gefen. Yaron gareji ya sa jak ya kwance taya aka ɗaga kalifa, wato gidan ƙarfen da ke rufe da fad ɗin. Fad na waje kamar jiya aka saka shi. Na ciki kuwa ba komai sai ƙarfe zalla, har ya fara yankar diski, wato faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, ya yi masa layi-layi kamar kunyar gona. Baba ya riƙe haɓa yayi shiru, can yace innalillahi, yanzu da wannan zan gangara Hawan Kibo da mota cike da mutane?

Toh ga yadda abin yake. Kowace tayar gaba fad biyu gareta, ɗaya ciki ɗaya waje, diski na tsakiya. A yawancin ƙananan motocin da muke hawa fistan, wato ƙarfen da man birki ke turowa, ta gefen ciki kawai yake, idan ka taka birki shi zai tura fad na ciki, sannan ita kalifar gaba ɗaya ta zame akan wasu ƙusoshi guda biyu da kanikawa ke kira fin ta jawo na waje, sai su matse diski tare. Kaga kenan in fin ɗin nan suka ƙi motsi, fad ɗaya ne zai riƙa ɗaukar wahalar duka shi kaɗai. Kuma abinda ke kashe su ba wani abu bane illa ƴar robar nan da ke rufe bakinsu, da zarar ta tsage shikenan, taɓon damina ya shiga, ƙurar hunturu ta shiga, ga masu wankin mota da ke feshin ruwa mai ƙarfi cikin wili, giris ya bushe tsatsa ta kama. Na motar Baba sai da aka sa filaya da guduma kafin na ƙasan ya fito, ja wur da tsatsa, babu ɗigon maiƙo a jikinsa.

Shi fad ɗin da aka cire yana bada labari in an tsaya an duba, amma mu sai a jefar dashi gefe a ɗauko sabo. Ku ajiye guda huɗun a ƙasa ku jera. In na ciki yafi cinyewa, ko fin ne ko fistan ne baya komawa baya idan ka saki birki. In na waje ne yafi cinyewa, kalifa ce take maƙalewa bata sakin diski. In kuma ya cinye a karkace, gefe ɗaya kauri gefe ɗaya siriri kamar bakin gatari, toh fin ɗaya ne ya kafe ɗaya na aiki, ko kuma fad ɗin ya cije a mazauninsa saboda tsatsa. Wanda yafi ɓoyuwa shine ka ga duka biyun taya ɗaya sun ƙare na ɗaya tayar kuma suna nan lafiya, nan sai a zargi tiyon man birki, yana lalacewa ta ciki ba'a gani, mai ya tafi amma ya kasa dawowa, birki ya zauna a kame. Bakanike mai sanin aiki zai ɗaga motar, a taka birki a saki, in taya taƙi juyawa ya sassauta ƴar kusar fitar da iska, in ta saki nan take toh ba kalifa bace, man ne baya komawa.

Kai direba ma kana iya ganewa tun kafin a kwance. Mota na fizgarka gefe ɗaya in ka taka birki, ko wili ɗaya yafi sauran baƙar ƙura, ko kana jin ƙiii. Bayan doguwar tafiya ka kai hannu kusa da kowane wili, kusa fa nace kar ka taɓa dan yana ƙona mutum, wanda kaji yafi huci shine mai matsalar.

Wajen gyara kuma abinda nake roƙo, kar a tsaya a canza fad kawai, wallahi asarar kuɗi ce, wata biyu zaka dawo kamar yadda Baba ya dawo. A zare fin a goge su tas, in sun ci rami a sauya, a sa sabuwar roba. Sannan giris ɗin, nan ne ake yawan kuskure, ba baƙin giris na boris ko baƙin mai ake shafawa ba, shi wannan kumbura roba yake sai fin ya sake kafewa, akwai giris na birki mai silikon shi za'a nema. A kankare tsatsar mazaunin fad har sai yana zamewa da hannu ba tare da an buga ba. Kar a bar kalifa tana lilo a jikin tiyo, a ɗaure ta da waya. Diskin da ya yi zane mai zurfi ko ya sirance a canza shi, iyakar kaurin da aka yarda dashi ana buga shi a jikin diskin. Sabon fad kaurinsa wajen milimita 10 zuwa 12 ne, in ya sauko 3 lokacinsa yayi, kuma dama da hagu ake canzawa tare, ban yarda da maganar a sa gefe ɗaya a lallaɓa ba.

Man birki kuma DOT 3 ko DOT 4, duba murfin tankin zaka ga wanda motarka ke sha. Yana tsotsar danshi da kansa, danshin ne ke sa fistan tsatsa ta ciki, shi yasa ake son a juye shi duk kamar shekara 2. Masu zuba ruwan omo da masu toshe layin taya ɗaya da ƙusa dan yana yoyo, ku ji tsoron Allah, rayukan mutane kuka ɗauko.

Kanikawa ku ma ku kula da ƙirjinku, ƙurar birki ba ta hurawa da baki ko da iskar famfo bace, wasu fad ɗin masu araha akwai asbestos a ciki kuma yana lalata huhu, a jiƙa tsumma a goge.

In an gama ɗaurawa kar ka tada mota ka fice, ka taka birki sau da yawa a tsaye har sai ya yi tauri a ƙafarka, dan an tura fistan baya, takun farko zai iya tafiya har ƙasa ba kamu. Daga nan ka gwada a hankali a layin da ba jama'a kafin ka je ka ɗau lodi.